Tsarin rage haɗarin mota na ƙasa: ina alamarsa a hanyoyin Maraɗi?

Lawali_Bagalam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon masu sani su tanka. Muna da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, kuma Nijar na cikin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya da suka amince a rage mace-mace da raunukan hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Shekaru na ta tafiya. To wanda ke bin hanyar Caduwa, ko ta Ɗan Isa, ko ta Gidan Rumji, me ya gani da idonsa da zai ce ga aikin wannan tsari? Ni a ganina tsarin yana can Yamai cikin takarda, bai taka kwaltar Maraɗi ba tukuna. Wanda ya ga akasin haka ya faɗa mana.

Ɗan_Gobir:
Wa alaikumus salam. Gaskiyarka Lawali. Mu nan Tibiri abin da munka sani, in anka yi haɗari a taru a yi jaje, bayan sadakar bakwai kowa ya koma yadda yake.

Injiniya_Musa:
Malam Lawali, tambayarka ta dace, amma bari mu san me ake nema kafin mu ce babu shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yankin Afirka kashi 3 cikin ɗari kacal na ababen hawan duniya yake da su, amma kusan ɗaya cikin biyar na mamatan nasa ne. Ka ga ba yawan motoci ke kashe mu ba.

Tun shirin farko na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 zuwa 2020 aka kasa aikin gida biyar: jagoranci, ita hanyar kanta, lafiyar abin hawa, halin masu bin hanya, da ceton wanda ya ji rauni. A nan ƙasar kowane kaso yana hannun wani dabam. Masu gina kwalta dabam, masu ba da lasisi da bizit dabam, masu kamu dabam, motar asibiti ta ma'aikatar lafiya ce, titunan cikin gari kuma na magajin gari. Aikin hukuma irin ANISER shi ne ta haɗa kan waɗannan duka. Saboda haka ni abin da nake so in sani: a jihar Maraɗi wane ne za a kira a tambaya in mamata sun ƙaru bana? Nawa aka ware masa? Aikin da ba shi da mai shi kuma ba shi da kuɗi ba ya motsi.

Malama_Rabi:
Injiniya, ka ce in mamata sun ƙaru. To a nan gizo ke saƙar. Wa ya san adadinsu? Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɗakin gaggawa nake. A ƙa'idar duniya, duk wanda ya rasu cikin kwana 30 saboda raunin haɗari, a cikin mamatan hanya ake lissafa shi. Mu kuwa wanda ya cika nan take cikin daji, dangi su zo su ɗauka a yi masa sutura kafin la'asar, wani lokacin ba wanda ya rubuta. Wanda aka kawo mana da karaya, ana kwana biyu a ce za a kai shi wajen mai ɗori, mu ba mu sake jin labarinsa ba. Wanda ya bugu a kai ya tashi da ƙafarsa ya koma gida, jini na taruwa a ciki, ya rasu bayan kwanaki, a ce ciwon kai ne. Duk waɗannan ba su cikin littafin kowa. Za a ce a rage da rabi, rabin nawa?

Abu na biyu, mafi yawan waɗanda nake gani matasa ne kan babur, kuma kai ne ke fashewa. Hular kwano fa, jama'a, hular kwano.

Sani_Kabukabu:
Anti Rabi, Allah ya saka da alheri kan aikin da kuke yi. Amma ku ji ta bakinmu. A watan Afirilu da tsakar rana ka sa hular nan ka tsaya bakin babbar kasuwa jiran fasinja, za ka san abin da muke ji. Ni ina sawa, don na ga abokina da ya faɗi gaban idona, har yau magana ba ta fita daidai a bakinsa. Amma fasinja fa? Mace ta yi ɗaurin kallabinta za ta biki, ka miƙa mata hular da mutane suka yini suna zufa ciki, sai ta tare wani babur. Ni kuma da yamma mai babur kuɗinsa yake jira, ba ruwansa da ko na samu ko ban samu ba. Shi ya sa kuke ganin muna gudu. In doka za a yi, a yi ta kan kowa rana ɗaya, don kada mai bi ya rasa abinci.

Hadiza_Jami'a:
Maganar Sani ta ƙarshe ita ce magana. A Wagadugu a 2006 an tashi tilasta hular kwano, gari ya hargitse har hukuma ta ja da baya. A Kigali kuwa ɗan babur na haya da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja, ba mai gardama. Bambancin, can an tsara ƴan babur cikin ƙungiyoyi, kowa da lambarsa, kuma dokar ba ta yin sanyi bayan wata ɗaya. Sannan a kula da irin hular. Wadda ake sayarwa mai arha kamar ta leburan gini ba ta tare komai, kuma wadda ba a ɗaure igiyarta ba tun kafin mutum ya kai ƙasa ta tashi.

Alhaji_Mai_Goro:
Duk wannan bayani ne. Wanda kwanansa ya ƙare ko hula goma ya sa sai ya tafi. Na ga wanda mota ta wuntsila da shi ya fito ba ko ƙwarzane, na ga wanda ya yi tuntuɓe a gida ya rasu.

Malam_Habu_Limanci:
Alhaji, ajali gaskiya ne, ba mai musu. Amma ba a kafa hujja da ƙaddara a bar sababi. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma a Suratul Baƙara an hana mu jefa kanmu ga halaka da hannunmu. Direban da ya san birkinsa ba lafiya ya loda bayin Allah ya hau hanya, ko ya sha ƙwaya don kada barci ya ɗauke shi, in rai ya salwanta akwai hakki a wuyansa. A shari'a ko kisan kuskure yana da diyya da kaffara. Mu kuma da an yi haɗari sai a ce a yafe, Allah ne ya kawo. Yafiya alheri ce, amma ta zama dalilin da wasu ba su jin nauyin ran mutum. Mu malamai ma ya kamata wannan ya riƙa shiga huɗubar Juma'a, musamman gab da Salla lokacin da tasha ke cika.

Alhaji_Mai_Goro:
Allah gafarta Malam, ban ce a yi ganganci ba. Na ji.

Baba_Direba:
Ni tun ina yaron mota nike bisa hanyar nan har hurhura ta hito. Yara, ku bar zancen hula kaɗai, ku zo babbar hanya. Maraɗi zuwa Yamai ya hi kilomita 600, hanya guda, mai zuwa da mai dawowa suna goga juna. Ka bi Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ko'ina kasuwa ta hau kwalta. Abin da ya hi kashe mutane da dare shi ne babbar mota ta lalace ta tsaya bisa hanya ba wuta ba alama, sai rassan itace da yaron mota ya jera. Kai kuma wani ya dalle ka da hitila daga gaba, ba ka ganin komi sai ka ji ka a ƙarƙashinta. Na biyu amalanke. Shanu ko jaki cikin duhu, ba ko ƙyalle mai haske a baya. Wallahi sau da yawa Allah kaɗai ke kiyayewa.

Manomi_Gazawa:
Baba, da girmanka, amma ina za mu bi? Hanyar da kuke bi ita ce ta kai mu kasuwa. In damina ta yi, ta cikin gona ba ta biyuwa. Dare kuma muke tashi don shanu ba su jure rana da kaya. Ƙanen matata a haka munka rasa shi, yana dawowa daga cin kasuwa da buhunan gero, hayis ta kwashe shi ta baya, shi da sa ɗaya nan take. Ba wanda ya taɓa zuwa garinmu ya ce ga abin da za ku liƙa bayan amalanke. In akwai shi a nuna muna, mu saya.

Malama_Rabi:
Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Lawali_Bagalam:
Allah ya gafarta masa. Kun ga abin da nake nufi ke nan. Abu mai ƙyalli da ake liƙawa bayan tirela ba wani tsada gare shi ba. Da tsarin ya sauko ƙasa, ai da ta hannun masu gari da hakimai an bi kasuwannin Agye, Gazawa, Tasawa da Mayahi an liƙa wa kowace amalanke.

Injiniya_Musa:
Haka ne, kuma wannan na cikin ayyuka masu arha da ke ceton rai da yawa. Mai tsada shi ne gefen hanya. Kwaltar da aka yi mata kafaɗa mai faɗi, amalanke da mai keke da mai tafiya ƙasa suna samun wurin raɓawa, motar da ta lalace ma ta sauka daga tsakiya. A ƙasar Suwidin tun 1997 suka ɗauki ƙa'idar cewa ɗan Adam dole zai yi kuskure, don haka a gina hanya yadda kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba. Ba sai muna da kuɗinsu za mu ɗauki wannan tunani ba. Duk sabuwar hanyar da za a ba kwangila, a sa mai duba lafiyarta tun tana zane: ina makaranta, ina kasuwa, ina dabbobi ke tsallakawa zuwa rijiya.

Maman_Halima:
Tunda an zo maganar makaranta. Tun ayyukan Maraɗi Kwalliya na 2015 titunan gari suka yi kyau, mun gode, amma gudu ya ƙaru. Yarana sai sun tsallaka kwalta za su makaranta, kullum da safe sai na raka su da kaina, in ban samu dama ba hankalina ba ya kwanciya sai sun dawo. Kuma ku iyaye maza ku ji tsoron Allah. Yaro ɗan shekara goma sha biyu a ba shi babur ya kai ƙannensa uku makaranta, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa. Ga ranar ɗaukar amarya, samari na wasa da babura da motoci tsakiyar titi. Wannan ba Yamai za ta zo ta hana mana ba.

Ɗan_Gobir:
Hajiya, shi ya sa ƙauyuka ke gina tudun rage gudu da kansu. Ranar da anka take yaro, washegari matasa su kwaɓa siminti.

Baba_Direba:
Wannan tudun naku kuwa shi ma kisa yake. Ba fenti, ba allo, tsayinsa kamar kunyar dankali. Mai babur da bai san garin ba ya zo da dare ya hau shi, sai asibiti. Motar asibitin ma da mai naƙuda a ciki haka za ta yi ta tsalle.

Injiniya_Musa:
Ku duka biyu kuna da gaskiya. Mutanen gari ba su yi laifi da suka nemi a rage gudu ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kawowa ya nuna in matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, haɗari mai kisa na ƙaruwa da kusan kashi 4. Shi ya sa taron ministoci na Stockholm a 2020 ya nemi a tsaya kan kilomita 30 a awa duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya ƙasa. Amma tudu yana da awo: faɗinsa, tsayinsa, fari da aka shafa masa, da allon gargaɗi tun daga nesa. Da hukuma ta riga su ginawa bisa ƙa'ida, da ba su kwaɓa nasu ba.

Bashir_Jibiya:
Ni ina zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina. A Najeriya tun 1988 suke da hukumarsu ta kiyaye haɗurra, FRSC, da kakinsu da motocin sintiri da na ɗaukar marasa lafiya. Ko ba komai in an yi haɗari akwai wanda aikinsa ne ya zo. Ina ga mu ma irin wannan muke buƙata, jami'ai da hanya kaɗai suka sa gaba.

Hadiza_Jami'a:
Yaya Bashir, da hukumar tasu a watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, mutane suka je kwasar mai, wuta ta tashi, sama da 150 suka rasu. Mu ma a Mayun 2019 haka ta faru kusa da filin jirgin saman Yamai, fiye da mutum 50. Yawan kaki bai hana ba. Talauci na ciki, rashin wanda zai killace wurin da wuri ma na ciki.

Mai_Hayis_Dakoro:
Ku ƙara jami'ai, mu dai mun san abin da zai biyo baya. Na sha tsayawa a shinge da mota cike har bisa rufi, ba wanda ya dubi tayata, ba wanda ya ƙirga fasinja. In ka miƙa abin da ka miƙa sai a ɗaga maka igiya. Ba ina wanke kanmu ba ne. Kuɗin mai da na gyara sun hau, fasinja ba ya son ƙari, sai mu cika lodi mu sa tayar gwanjo. Amma da ana mayar da mota tasha a sauke rarar mutane, cikin mako ɗaya kowa zai daina.

Injiniya_Musa:
Lodin ma ba rai kaɗai yake ci ba. UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, ta yi doka mai lamba 14 tun 2005 kan iyakar nauyin da manyan motoci za su ɗauka, don nauyi fiye da kima shi ke farfasa kwalta tun ba ta tsufa ba. Ramin da ya fito kuma shi direba ke kaucewa ya faɗa hannun mai zuwa. Kuɗin da muke biya a shingen feyaj don gyaran hanya ne, ya kamata a riƙa bayyana wa jama'a wane yanki aka gyara da su a kowace jiha.

Hadiza_Jami'a:
A Senegal bayan karon bas biyu a Sikilo cikin Janairun 2023, inda kusan mutum 40 suka rasu, gwamnati ta hana motocin fasinja tafiya daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, ta kuma hana shigo da tsofaffin tayoyi. Masu sufuri sun yi yajin aiki a kai. Me zai hana mu gwada hana tafiyar dare?

Baba_Direba:
Ɗiyata, hana tahiyar dare kaɗai ba ya isa. In ka matse direba cikin yini, gudu zai ƙara don ya isa kahin duhu, ga zahin kwalta na fasa taya. Abin da na gani yana aiki shi ne direba biyu a doguwar tahiya, da hutu na tilas, da na'urar da ke hana bas wuce iyakar gudu. Kuma fasinja ku ma da naku. Direba ya tahi a hankali, ku ne masu cewa wannan tsoho ya cika sanyi, wata mota ta wuce mu.

Maman_Halima:
Wannan gaskiya ce Baba. Na taɓa roƙon direba ya rage gudu, matan da ke kusa da ni suka ce in bar shi, sauri suke.

Lawali_Bagalam:
Na karanta duka, na ƙaru. Amma har yanzu tambayata na nan. Ban ji wanda ya ce ga abu kaza da ya gani a hanyar Maraɗi wanda tsarin ƙasa ya kawo ba.

Ɗan_Zariya_2:
Ni na ji faɗakarwa a rediyo da Hausa kan gudu da waya a hannu, kuma na ga an yi zane da alluna a wasu mahaɗun cikin gari. Kada mu ce ba a yi komai ba. Sai dai faɗakarwa ba kamu, kunne ɗaya take shiga ta fita ta ɗayan.

Malama_Rabi:
Malam Lawali, ni ma ba ni da amsar da za ta gamsar da kai, amma akwai kason da ba sai mun jira kowa ba. Wanda ya fara isa wurin haɗari kusan kullum ɗan kabu-kabu ne ko direba. Abin da ke sa ni kuka, mutum ya karye a wuya, masu taimako su ciccibe shi hannu da ƙafa su cusa bayan mota, ya iso mana ƙafafu sun mutu har abada. Ko a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Ga masu tsayawa ɗaukar hoto da waya. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, a fara kiran su. A danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, a riƙe kai da wuya kada su motsa, in dole a ɗauke shi a nemi abu shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi kamar ƙyaure. Sani, in ƙungiyarku za ta tara mutane, ni da abokan aikina biyu za mu zo mu nuna muku wannan kyauta.

Sani_Kabukabu:
Anti, zan kai maganar ga shugabanninmu na tasha. Sai dai kada a sa Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwa ne, ba wanda zai ajiye babur. Kuma akwai abin da ke sa da yawanmu tsoron ɗaukar wanda ya ji rauni: kada ka kai shi asibiti a riƙe ka a ce kai ka buge shi, ko a ce sai ka biya kuɗin magani. In kun zo ku yi mana bayanin wannan ma, don shi za a fara tambayarku.

Manomi_Gazawa:
Injiniya, abin liƙawan nan mai ƙyalli, wajen masu kayan mota ake samu nai ko ina? Kuma ja za a sa a baya ko fari? Mu masu amalanke a unguwarmu mun kai goma, in na shigo Maraɗi sai in sayo muna gaba ɗaya.

Injiniya_Musa:
Ja a baya, ɗan uwa, fari na gaba ne. Masu sayar da kayan manyan motoci suna da shi, a naɗe yake ana yanka maka. Ka liƙa a ƙarshen katakon hagu da na dama don direba ya gane faɗin amalanken, kuma ka tabbata buhu ko kara bai sauko ya rufe shi ba. In ƙura ta hau a goge kafin a hau kwalta.